Rauni a Ƙarƙashin Kitso

Littafin da Malam Abdulbaƙi ya ɗora wa ajinsu Haulatu a wannan zango tsohon littafin Turawa ne, na kisan kai. Guda ɗaya ke gare shi, bangon ma ya rabu da jikin littafin, don haka 'yan ajin suka yi layi a shagon mai ɗaukar hoton takardu da ke bakin kwaleji, kowa ya fitar da nasa. Na Haulatu ya fito da duhu a gefe ɗaya, wasu layukan sai ta ƙanƙance ido kafin ta iya karantawa. Duk da haka, kafin sauran su gama babi na biyu ta kai ƙarshe ta sake dawowa farko.

Labarin wani ƙaramin ƙauye ne a can ƙasar sanyi, inda kowa ya san kowa. An tsinci gawar wata tsohuwa a lambun bayan gidanta, 'yan sanda suka kama ɗan ƙanenta da ke zaune tare da ita. Wanda ya warware zancen ba ɗan sanda ba ne. Wani tsoho ne mai ɗingishi da ya gaji da sayar da magani ya rufe shago, yana bin gidaje ana dafa masa shayi, yana jefa 'yan tambayoyi kamar mai neman abin hira. 'Yan aji suka laƙaba masa Tsohon Shayi. Malam Abdulbaƙi ya ce su lura da abu biyu a irin waɗannan littattafai. Wanda zargi ya fara faɗawa kansa ba shi ne mai laifi ba, kuma a babin ƙarshe mai bincike yakan tara kowa wuri ɗaya ya shimfiɗa musu gaskiya, sai marar laifi ya fita da kansa a ɗage. Ya ba su aikin gida, su rubuto dalilin da ya sa binciken tsohon ke cin nasara.

Haulatu ba mai magana ba ce. Ko sunanta aka kira a aji, amsar da ta sani sarai sai ta kasa faɗin ta. Mutum ɗaya take iya mayar wa magana muryarta ba ta yi rawa ba, shi ne Sagir, ɗan Gwaggo Rabi yayar babanta. Taubashinta ne, wasa ya halatta tsakaninsu tun suna yara. Yana zaune da uwarsa su biyu a wani ƙauye bayan Baure, yana noma, ran kasuwa kuma ya ɗaure buhunan wake a babur ya nufi Mai'adua. Duk sanda hanya ta biyo da shi Daura sai ya shigo gidansu, ya tarar da ita a kan tabarma da takardun nan.

"Baturiya, yau kuma wa aka kashe?"

"Bawa ba ya tambayar uwargijiyarsa. Ajiye abin da ka kawo ka fita."

Sai ya yi dariya ya ajiye mata rake ko dafaffiyar gyaɗa, ya ce ran da aka sace masa babur ita zai kawo wa ƙara, ba 'yan sanda ba. An sa bikinsa bayan kaka da wata Maimunatu 'yar ƙauyensu, har Haulatu ta fara zaɓen atamfar anko.

Rasuwar Gwaggo Rabi ta zo da hantsi, ranar da aka kwana ana ruwa. Sagir ne ya kira babanta a waya, ya ce ya dawo daga duba gero ya same ta kwance a tsakar gida, jiki har ya fara sanyi. Baban ya rufe shagon ɗinkinsa, suka yi shatar mota da ita da mamarta. Kafin su isa an haƙa kabari, maza sun cika ƙofar gida, wanka kawai ake jira don a sallace ta bayan azahar.

Gwaggo ba ta haifi mace ba, kuma ta sha faɗa a gaban mutane cewa ran da ta mutu Haulatu ce za ta zuba mata ruwa. Don haka aka tura ta ɗakin. Mai wankan wata tsohuwa ce da ake kira Maiturare, ita ke wanke matan ƙauyen tun kafin a haifi Haulatu. Ta riga ta haɗa ruwa da ganyen magarya a baho, likkafani na ninke a gefe. Ta dubi yarinyar da ta toge a bakin ƙofa, ta miƙa mata moɗa, ta ce ba abin tsoro, gwaggonta ce dai.

Komai ya tafi a natse har aka zo kai. Maiturare ta fara tsefe kitson, don a wanke gashin a sake kama shi gida uku yadda ake yi wa mata. Da ta warware layin da ke sama da kunnen hagu, sai ga wuri ya kumbura ya yi baƙi, fatar ta ɗan tsage, jini ya bushe ya manne da furfura. Hannun Haulatu ya tsaya da moɗa a sama. Tsohuwar ba ta ɗago ba. Ta sa tafin hannu ta rufe wurin, ta ce ta zuba. Haulatu ta zuba. Ruwan ya gangara ja-ja, sannan ya koma fari. Aka kama gashin, aka sa turare, aka naɗe.

Kafin su buɗe ƙofa Maiturare ta riƙo ta da hannu mai sanyin ruwa.

"'Yar nan, wannan ne wankanki na farko, bari in gaya miki. Abin da aka gani a jikin mamaci amana ce. Ni ban taɓa fita da shi daga ɗaki ba, mai kyau ko marar kyau. Ke ma kada ki fita da shi."

Haulatu ta gyaɗa kai. Aka ɗauki makara. Kafin la'asar maza sun dawo daga maƙabarta suna kaɗe ƙasa daga gwiwoyinsu.

Ta zauna cikin mata a tsakar gida, ana shigowa ana ya haƙuri, tana amsawa da baki, amma idonta wurin nan yake gani. Da a littafin ne, da likita ya zo ya auna raunin, gawar ta kwanta tana jiransa a ɗaki mai sanyi. A nan Gwaggo ta shiga ƙasa tun abincin rana bai huce ba. Wa ke cikin gidan da safen? Sagir kaɗai. Kuma duk ƙauyen sun san tun farkon damina yake sa-in-sa da uwarsa a kan shanun huɗa. Shi yana so a sayar ya ƙara jarin wake, ita ta ce sai dai bayan ranta. Sukan ɗaga murya har a ji su daga hanya, an jima kuma a gan shi yana jawo mata ruwa a rijiya tana tsokanarsa.

Tunanin cewa ko hannun Sagir ne ya gifta mata a rai. Ba ta yarda ba, ko kusa. Amma ta ce a ranta, in har ita da ta san shi wannan tunani ya zo mata, to wasu ma zai zo musu, kuma ɗan da aka ce ya ɗaga wa uwarsa hannu ya gama zama cikin mutane. Ta tuna ɗan ƙanen tsohuwar littafin, da yadda Tsohon Shayi ya fitar da shi. Abin da ya kamata shi ne ta riga kowa. Ta gano wanda ya ga Sagir a gona, ta riƙe hujja a hannu kafin wani ya buɗe baki. Ba za ta ambaci raunin ba, don haka ba ta ci amanar Maiturare ba. 'Yan tambayoyi ne kawai. Ko sau ɗaya bai faɗo mata a rai ba cewa a duk taron nan, in ka cire ta da mai wanka, ba wanda ya san da wani rauni.

Washegari ta fara da Talatu, maƙwabciyar Gwaggo, wadda dangar kara ce kawai ta raba gidajensu, kuma ita ke kula da tukunyar makoki. Haulatu ta tsuguna kusa da murhu tana taya ta tura itace, ta yi ta juya maganar a baki kafin ta fito. Ta tambaya ko Talatu ta ji motsin Gwaggo jiya da safe. Talatu ta ce ta ji mana, ta ji tana yi wa Sagir faɗa kan igiyar shanu kamar kullum, sannan ta ji babur ya tashi. Haulatu ta ce, bayan tashin babur ɗin fa, ta sake jin muryar Gwaggo? Talatu ta tsaya da muciya a hannu. Ta ce ba ta lura ba, tana can tana fama da kajinta da ruwa ya jiƙa. Sannan ta dubi yarinyar da kyau, tun daga fuska har hannuwa.

"Ke ce kika zuba ruwa jiya, ko?"

"Ni ce."

"Uhm," in ji Talatu, ta ci gaba da tuƙi.

A littafin ma haka mutane ke amsawa, gajere gajere, sannan su ƙara wa tsohon shayi. Haulatu ta tashi tana ganin ta fara da kyau.

Da Maimunatu ta zo gaisuwa tare da uwarta, Haulatu ta ja ta gefe ta tambaye ta ko Sagir ya wuce ta ƙofar gidansu da safen ranar rasuwar, tunda hanyar gonar ke nan. Yarinyar ta sunkuyar da kai don kunya, ta ce ba ta gan shi ba, lafiya? Haulatu ta ce lafiya lau. A hanyar komawa gida Maimunatu ta ba uwarta labarin wannan tambaya, don ita ma ba ta gane kanta ba.

Shi kansa Sagir da yamma ya shigo ɗaukar tabarmi zai kai wa maza. Idanunsa sun yi ja, rigar jiya ce a jikinsa. Haulatu ta ga ai ita ce kaɗai za ta iya tambayarsa komai ba a ga baƙinta ba, taubashiya ce.

"Bawana, zo nan. Jiya da ka fita, wa ya gan ka a gona?"

Ya ɗauka so take ta ɗebe masa kewa, ya yi ƙoƙarin murmushi. "Gero ya gan ni, Baturiya. Je ki tambaye shi."

"Da gaske nake. Ba ka gamu da kowa ba?"

"Da wa zan gamu cikin wannan taɓo?"

Ya naɗe tabarmin ya saɓa a kafaɗa ya fita. Sai da ya wuce ta lura hirar da matan bayanta ke yi ta ɗauke.

Baban ya koma Daura bayan sadakar uku, ya bar ta da mamarta su zauna har bakwai. A cikin kwanakin nan ne ta ga dutsen. Tsohon dutsen niƙa ne da Gwaggo ta ajiye kusa da randa tana zama a kai in za ta yi alwala. Ƙasar wurin ta yi kore da gansakuka. Haulatu ta zo ɗibar ruwa santsi ya kwashe ta, da ba ta dafa randar ba da ta zube, kuma da ta duba inda kanta zai sauka, kusurwar dutsen ce. Ta tsuguna ta shafa kusurwar. Ba jini, amma ruwa nawa aka zubar a nan tun ranar? Ta tuna Gwaggo na da hawan jini, takan ce jiri na ɗibar ta in ta miƙe da sauri. Zuciyarta ta yi sanyi. Ta samo bakin zaren. Ta ji ma kamar ta ɗingisa irin na tsohon.

Sai dai kafin ta samo, ƙauyen ya riga ya samo nasa. Mata kan shigo su yi gaisuwa da ƙarfi, sannan su haɗa kai su yi ƙasa da murya. In Sagir ya shigo tsakar gida sai kowa ta sami abin kallo a cikin kwanonta. Mamar Haulatu ta dawo daga gidan wata 'yar uwa fuska a ɗaure, ta ce zance na yawo wai yarinyar da ta zuba ruwa ta ga wani abu, shi ya sa take bin mutane tana tambayar inda ɗan yake. Wai a masallaci wanda ya tsaya kusa da shi a sahu ya bar tazara. Talatu da wasu mata biyu har sun je wurin Maiturare, ta ce musu ita ba ta magana a kan gawa. Abin da take faɗa wa kowa ke nan tun ƙuruciyarta, amma wannan karon suka dawo suna cewa ai ba ta musa ba.

Mamar ta tambaye ta ko ta faɗa wa wani wani abu. Haulatu ta rantse ba ta faɗa ba, kuma gaskiya ta rantse.

Ta saka mayafi ta tafi gidan Maiturare. Ta same ta a ƙofar ɗaki tana murza garin turaren wuta a faranti. Ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta roƙe ta ta fito ta ce wa mata ba a ga komai ba. Kalma ɗaya daga bakinta za ta kashe zancen.

"Don Allah, Inna. Za su hallaka shi."

Tsohuwar ta dakata da murza turaren. Sannan ta ce ƙarya a kan gawa ba za ta yi ba, ita da take gab da bin ta. Kuma ko da babu komai a jikin Rabi, ba za ta ce babu ba.

"In na ce babu a kan Rabi, gobe na wanke wata aka tambaye ni na yi shiru, kowa ya san akwai. Shiruna iri ɗaya ne a kan kowa. Shi ya sa suke kawo mini iyayensu."

Haulatu ta ba ta labarin dutsen da santsin, ta tambaye ta ko ba irin raunin faɗuwa ba ne. Maiturare ta ce ba ta sani ba. Ta ga na faɗuwa, ta ga na duka, a idonta kamarsu ɗaya, ita ba likita ba ce. Ta tambaye ta wa ta gaya wa. Haulatu ta ce ba kowa, tambaya kawai ta yi. Tsohuwar ta dube ta, ta ce to, ta ci gaba da murza turarenta.

A hanyar dawowa Haulatu ta yanke shawara. Saura babin ƙarshe. Mutane suna zargi ne saboda rabin labari gare su, in aka ba su cikakke za su saki. Haka ya faru a littafin, kuma ta karanta wannan babi har ta kusa haddace shi. Ta yi ta maimaita abin da za ta faɗa, tana shara tana maimaitawa, tana wanke-wanke tana maimaitawa.

Ran sadakar bakwai gidan ya cika. An raba gumba da waina, an shafa addu'a, mata na zaune a inuwar darbejiya suna jiran rana ta yi sanyi. Talatu na nan, uwar Maimunatu na nan, Maiturare na can gefe jingine da bango. Haulatu, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba, ta miƙe tsaye. Ta yi sallama, ta ce tana da magana a kan zancen da ke yawo, su yi haƙuri su saurare ta.

Ta je ta tsaya kusa da randa, ta nuna musu gansakukar, ta ce ita ma nan ta kusa faɗuwa. Ta nuna kusurwar dutsen. Ta tuna musu jirin Gwaggo, da ruwan da aka kwana ana yi. Ta ce su duba, wanda ya juyo daga randa da bokiti a hannun dama, in santsi ya kwashe shi, gefen hagu zai faɗi, kuma daidai nan raunin yake, sama da kunnen hagu. Don haka ba hannun kowa, faɗuwa ce, Sagir ba shi da laifin komai. Ta kai ƙarshe tana haki, har ta ɗan ji daɗin yadda maganar ta jeru.

Ba wadda ta dubi dutsen.

"Ashe da gaske akwai rauni," in ji Talatu, a hankali.

Uwar Maimunatu ta gyara zama. "A kai kika ce?"

"A kai, amma dutsen ne, ku duba..."

"Kin ga faɗuwar?"

"A'a."

"To wa ya gani?"

Haulatu ta waiga tana neman fuska ɗaya da za ta taimake ta. Ta ga Maiturare ta dafa bango ta miƙe, ta zura takalmanta, ta fice ba ta yi wa kowa sallama ba. Mamarta ta jawo gefen zaninta da ƙarfi ta ce ta zauna. Ta zauna. Wata ta fara tattara kwanuka, wata ta ce yamma ta yi, gidan ya watse da wuri.

Ba wanda ya kai ƙara. Ba ɗan sanda da ya zo, ba wanda ya tari Sagir ya faɗa masa a ido. Baban Haulatu ya je ƙauyen ya keɓe da shi, ya dawo ya ce shi ya yarda da ɗan yayarsa, ya bi manya gida gida ya faɗa musu haka, kowa ya ce ai haka ne, Allah ya jiƙan Rabi. Amma kafin a yanke gero gidan su Maimunatu suka maido da kayan sa rana. Masu kawo masa wake ya kai kasuwa suka koma wurin wani. In ya zauna a dandali sai a tuna da wani uzuri ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga zama ba zai yiwu ba ya sayar da shanun huɗan, don ba mai kula da su, sai aka ce to ga shi nan, abin da yake so ke nan tun farko. Ita kuwa Haulatu babanta bai yi mata faɗa ba. Ya dai daina aiken ta, in ya shigo ta gaishe shi ya amsa yana kallon wani wuri.

Wata ranar Asabar da la'asar tana zaune a zaure da takardun littafin a cinya, ranar miƙa aikin gida ta matso ba ta rubuta ko layi ɗaya ba, ta ji babur ya tsaya a ƙofa. Ta san ƙarar. Sagir ya yi sallama ya shigo. Ya rame, an ɗaure jaka da tabarma a bayan babur ɗin. Ya zo kawo wa kawunsa makullin gidan, zai bi ta Mai'adua ya tsallaka, wani abokinsa na da shago a Damagaram.

"Haulatu, ina wuni," ya ce.

Bai taɓa kiran ta da sunanta ba. Ta buɗe baki za ta ce bawana, kalmar ta ƙi fita. Ta ce lafiya lau, Baba na shago, yanzu zai dawo. Ya ajiye makullin a kan tabarma ya ce ta ba shi, ba zai jira ba. Ya juya, sannan ya tsaya.

"Da kin kira ni gefe kin tambaye ni."

"So na yi in fitar da kai daga zargi."

"Wa ya zarge ni kafin ki fara?"

Ya ce shi bai ma san da raunin ba sai da ya ji a bakin mutane. Da ya ɗauke ta daga ƙasa ɗankwalinta na kanta, bai ga komai ba, ya ɗauka numfashi ne ya ƙare. Sannan ya tambaya da wata murya da ba ta san shi da ita ba, ko raunin babba ne, ko tana ganin innarsa ta daɗe a kwance tana kira ba kowa. Haulatu ta ce ba ta sani ba. Wannan karon ma gaskiya ta faɗa.

"To tambaye ni yanzu," ya ce. "Ba kowa a nan sai mu biyu. Tambaye ni."

Ta ɗago. Tana so ta ce ba sai ta tambaya ba, ta san shi, ba ta taɓa yarda ba. Amma kafin maganar ta iso bakinta idonta ya riga ya sauka a kan hannuwansa, manyan hannuwan noma, tana duba bayan yatsun ko akwai wani tsohon ƙwarzane. Bai fi ƙiftawar ido ba. Ya gani. Ya dubi hannuwan shi ma, ya zura su cikin aljihun riga.

Ya fita. Babur ɗin ya ƙi tashi da farko, ta ji yana ta buga shi, tana zaune ba ta motsa ba. Da ya tashi ta saurari ƙararsa har ya sha kwanar masallaci. Makullin na nan a kan tabarma, ɗaure da wani tsumman atamfa da ta gane na tsohon zanin Gwaggo ne. Ta ɗauke shi ta riƙe, tana jiran babanta ya dawo.